Nomau Mai Itace da Bushiya Mai Kwance Dami

Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mun yi shiru.

Wani mutum ne a wani gari, sunansa Nomau. Manomi ne tun tashinsa, gona ɗaya gare shi a bakin rafi. Wata shekara rafi ya cika ya batse, ya kwashe gonar da dawar da ke cikinta, ya bar masa yashi. Ga matarsa Tabawa, ga 'ya'ya biyu, rumbu kuwa wayam. Sai Nomau ya ɗauki gatari ya ce, "Bari in koma sayar da itace. Shi dai ba a shuka shi, ba a nome shi."

To, Nomau bai san itace ba. A wurinsa duk abin da gatari ya kama itace ne. Ya saro wannan, ya tsinto wancan, ya ɗora a ka ya kai kasuwa, ya sauke kusa da Gizo, wanda shi ma itacen yake sayarwa. Gizo ya dubi kayan Nomau, ya yi dariya har ya riƙe ciki.

Ya ce, "Abokina, haka ake ɗauri a garinku? Kawo in nuna maka."

Sai Gizo ya tara ɗanyu da ruɓaɓɓu da waɗanda gara ta sha a tsakiya, ya zaro 'yan masu kyau ya jera a waje, ya ja igiyar kalgo ya ɗaure tamau. Dami ya fito fes.

Nomau ya ce, "In sun je gida sun kwance fa?"

Gizo ya ce, "In sun je gida ai sun je gida ke nan. Kai kuma kana naka gidan kana cin tuwo."

Abin da Gizo bai gaya masa ba shi ne, shi ba ya cin kasuwa ɗaya sau biyu a jere. In ya cuci mutanen nan yau, sai ya tafi wani gari, sai an manta da shi ya dawo. Nomau kuwa gari ɗaya ya sani, kasuwa ɗaya ya sani. Kasuwar nan kuma tana da doka: duk wanda kayansa suka ji wa mai saye ciwo, sarkin kasuwa zai sa a bi shi da ganga har bayan gari, shi da kasa kaya a nan har abada.

Ranar farko Nomau ya sayar da komai, ya auno gero, gida aka sha fura. Kasuwa ta biyu ya sayar da rabi. Kasuwa ta uku mata suka riƙa zuwa suna cewa, "Sannu da rana, Nomau, ina su Tabawa?" Su yi masa murmushi, su wuce. Ba wadda ta ce masa itacensa ya cika mata ɗaki da hayaƙi, ba wadda ta ce tuwonta ya ƙi nuna. Sun dai daina saye. Nomau ya zauna yana korar ƙuda, a gida kuma Tabawa ta fara ƙara wa kunu ruwa.

Ana nan, sai ga Bushiya ta shigo layin masu itace. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, jiki duk ƙaya, bakin kuma ya fi jikin ƙaya. Duk kasuwa an san ta. Mai daddawa in ta hango ta sai ta rufe faranti, mahauci sai ya ce zai je alwala.

Ta tsaya gaban Nomau ta ce, "Kai mai itace, kwance."

Nomau ya ce, "Iya, ba a kwance dami. Ki duba ki taya."

Ta ce, "Wa ya kafa dokar, kakanka?"

Kafin ya yi wata magana ta sa haƙori ta datse igiya, dami ya tarwatse. Sai ta shiga ɗaga itace ɗaya-ɗaya tana shinshinawa tana jefarwa.

"Tumfafiya, hayaƙi zalla. Kuka, wannan ko ka yini kana hurawa ba ta kamawa. Cediya, har yanzu tana zubar da ruwa. Wannan kuma gara ta ci rabonta ta bar maka naka. Kai, da gaske kake, ko wasa ka zo yi da mutane?"

Ta kwance na biyu, ta kwance na uku, har ta gama da su duka. Mutane suka taru suna kallo. Daga cikin tarin nan gaba ɗaya ta ware sanduna uku.

Ta ce, "Marke. Shi kaɗai ne itace a nan. Buɗe ido ka dube shi da kyau, ɓawonsa fari-fari ne da dabbare-dabbare. In ya kama wuta ba ya sauri, ba ya hayaƙi, kuma yana barin garwashi." Ta biya, ta miƙa hannu. "Ina gyarana?"

Nomau ya ce, "Gyara a kan sanda uku, Iya?"

Ta ce, "Ko ɗaya na saya sai an yi min."

Ya miƙa mata wani ɗan guntu. Ta shinshina ta ce ba shi ba. Ya miƙa wani, ta karɓa tana tsaki, ta tafi. Nomau ya yi ta tattara itace yana ɗaurewa har la'asar, zuciyarsa tana tafasa.

Da ya koma gida ya kwashe labari ya gaya wa Tabawa, har da kwaikwayon muryar tsohuwar. Tabawa ta bari ya gama, ta ce, "Maigida, ƙarya ta yi?"

Ya ce, "Ban ce ta yi ƙarya ba. Amma ai akwai yadda ake magana."

Ta ce, "Masu iya maganar, dami nawa suka saya yau?"

Washegari da sassafe Nomau ya saɓa gatari ya shiga daji, ba don ya yarda ba, sai don haushi. Ya ce sai ya kawo itacen da tsohuwar nan za ta rasa abin cewa. Ya yi ta bin itatuwa yana duban ɓawo har ya gane marke. Ya hau ya sassaro rassa, ya ɗaure, marke ciki marke waje.

Ranar kasuwa sai ga Bushiya.

"Kai mai itace, kwance."

Wannan karon da hannunsa ya kwance, yana hura hanci. Ta ɗaga ta shinshina. "Marke." Ta ɗaga wani. "Marke. To, an fara hankali." Nomau ya waiga ya ga ko mutane sun ji.

Sai ta ɗauki sanduna biyu ta buga su da juna. Suka ce tub, tub.

Ta ce, "Ka ji? Kamar an bugi kabewa. Ɗanye ne sharaf. Wannan shekaranjiya ma tsuntsaye suna kansa suna hira." Ta tona can ƙasa ta samo wasu biyu da suka shigo bisa kuskure, ta buga, suka ce ƙwal, ƙwal. "Wannan shi ne busasshe. Kai da ka girma a ƙauye sai ni zan koya maka sauraron itace? Nemi wanda ya mutu a tsaye, ɓawonsa ya fara saɓulewa. Ka faskara shi, ka ɗora kan duwatsu kada gara ta hau, ka bar rana ta ƙarasa."

Mutane suka kwashe da dariya. Ta sayi biyun nan, ta karɓi gyara, ta tafi tana mita. Ran nan ma ba wanda ya ƙara sayen komai, Nomau ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

A ranar Gizo ya dawo garin, duk abin da aka yi a kan idonsa aka yi. Da kasuwa ta watse ya matso ya ce, "Abokina, tsohuwar nan ta raina ka. Ita ke korar maka masu saye. Ka san a ƙarƙashin ɓawon busasshen itace kunama take kwana. Ka kamo ɗaya ka sa a kogon itace, ka toshe da laka, ka ɗaure a dami. Tunda ita ba ta da aiki sai tone-tone, za ta tono abin da zai koya mata hankali. Wa zai ce kai ne? Kunama a itace ai ba baƙuwa ba ce."

Nomau ya ce, "A'a, ba halina ba ne." Amma maganar ta zauna masa a rai.

Ya koma daji ya nemi marken da ya mutu a tsaye, ya sare, ya faskara, ya ɗora kan duwatsu kamar yadda aka ce. Ya buga biyu, suka ce ƙwal, ƙwal, har ya ji daɗi. Yana ɓare wani ɓawo sai ga kunama baƙa ƙirin, ta ɗaga ƙari. Nomau ya tsaya yana kallonta, dariyar 'yan kasuwa ta dawo masa a kunne. Ku ji fa, mutumin kirki ne, amma haushi ba ya barin mutum da hankalinsa. Sai ya sa tsinke biyu ya kama ta, ya tura a kogon wani guntu, ya kwaɓa laka ya toshe, ya danna da babban yatsa. Ya ɗaure guntun a tsakiyar damin da ya fi kowanne kyau.

Ranar kasuwa ya ajiye damin nan a gaba. Gizo ma ya karya dokarsa, ya kasa kayansa a gefe don ya sha kallo. Hantsi ya yi, Bushiya ba ta zo ba. Rana ta take tsaka, ba ta zo ba.

Sai ga wata mata, Lantana, da goyo a baya. Ta dubi itacen ta ce, "Kai, Nomau, yau kam ka kawo kaya." Ta sunkuya ta dafa damin da ke gaba. "Wannan nake so."

Nomau ya dubi hannunta. Ya dubi ƙafar jaririn da ke lilo a gefenta. Ya san za ta je gida ta kwance, ta sa hannu, zafin rana kuma ya riga ya fasa laka. In ya yi shiru, kunama za ta harbi wadda ba ta yi masa komai ba. In ya faɗi gaskiya, ganga ce har bayan gari, 'ya'yansa kuma su ci me? Gizo yana ta ƙyafta masa ido wai ya sallama.

Nomau ya ce, "Baiwar Allah, ajiye wannan. Ba na sayarwa ba ne. Ɗauki wani."

Lantana ta ce, "Don me? Kuɗina ne ba su yi maka ba?"

Ya ce, "Don Allah ki ajiye."

Ta ce ita ba za ta ajiye ba. Murya ta tashi, mutane suka taru, har sarkin kasuwa ya iso da sandarsa. Ya ce, "Nomau, abin da aka kasa a kasuwa na sayarwa ne. Me ke cikin damin nan da ba ka so a ɗauka?"

Nomau ya buɗe baki zai yi magana. Sai aka ji wata 'yar murya daga ƙasa.

"Ku ba ni hanya! Ke yarinya, cire hannunki. Tun yaushe aka fara sayen itacen mutumin nan ban duba ba?"

Bushiya ce. Ta kutsa tsakanin ƙafafun mutane, kowa yana ja da baya saboda ƙaya. Ta ɗaga hanci ta shinshina iska, ta dubi Nomau, kallo ɗaya. Ta sa haƙori ta datse igiya. Ba ta taɓa kowane itace ba sai guntun nan. Ta juya shi, ta ɓalle laka, kunama ta fito a fusace. Lantana ta yi ihu ta dafe goyonta.

To, abin da Nomau da Gizo ba su sani ba, kunama abincin bushiya ce. Tsohuwa ta yi wuf ta cafke ta, ta tauna ƙurus-ƙurus, ta haɗiye, ta lashe baki.

Ta ce, "Yau kam an yi min gyara mai kyau."

Kasuwa ta ɗauki dariya. Sarkin kasuwa bai yi dariya ba. Ya ce, "Iya, yaya aka yi kunama ta shiga damin nan?"

Nomau ya sunkuyar da kai yana jiran ganga. Bushiya ta taka ɓallin lakar nan da ƙafa ta murje shi ya zama gari. Ta ce, "Ranka ya daɗe, busasshen itace gidan kunama ne, kowa ya sani. Ni abin da na ji da kunnena, mutumin nan ya ce wa yarinya ta ajiye, ya ƙi sayarwa. Wa aka ji wa ciwo? Ku ba ni wuri in yi aikina."

Sarkin kasuwa ya juya ya tafi. Bushiya ta shiga ɗaga itace tana shinshinawa, tana bugawa. Ƙwal, ƙwal. Ƙwal, ƙwal. Ta kwance na biyu, ta kwance na uku, ta nemi abin kushewa sama da ƙasa ta rasa. Sai ta yi tsaki ta ce, "Wannan itace ne."

Ai kuwa mata suka dubi juna. Tunda suke ba su taɓa jin Bushiya ta yabi kayan kowa ba. Nan da nan aka yi wa Nomau caa, wannan ta ja dami, waccan ta ja, Lantana ma ta ɗauki biyu. Waɗanda ba su samu ba suka juya wurin Gizo, amma yanzu ido ya buɗe, suka ce, "Kwance." Gizo ya ce ba a kwance dami. Suka kwance da kansu, ruɓaɓɓu suka zubo. Kafin a ɗauko ganga Gizo ya shige cikin tarin itace ya ɓuya. Shi ya sa har yau in ka ɗaga itacen da ya daɗe a ajiye sai ka ga gizo-gizo ya fito da gudu.

Bushiya ta nuna dami ɗaya da ta hana kowa taɓawa, ta ce, "Kai mai itace, ɗauko ka biyo ni. Ba zan iya ɗauka ba."

Nomau ya ɗora a ka ya bi ta, ba musu. Da suka fita daga cikin mutane ta ce, ba tare da ta waigo ba, "Kunama ba ta toshe ƙofarta da laka. Shatin babban yatsanka ma yana jiki."

Nomau ya tsaya cak. Ya ce, "Iya, na yi laifi. Ki yafe min."

Ta ce, "Mu tafi dai, rana tana yi."

Suka isa gindin wani tsohon rumbu a bayan gari. Nan ramin Bushiya yake, ƙofa ɗaya, ba taga. Nomau ya durƙusa ya leƙa. Ga 'yar Bushiya kwance tana jego, ga jarirai uku a jikinta, ƙayarsu ma ba ta yi ƙwari ba.

Bushiya ta ce, "Daren jiya 'yata ta sauka, shi ya sa na makara. Bara ma ta haihu. Na sayo dami mai kyau a ido, ban kwance ba, na hura mata wutar wanka. Tumfafiya ce a ciki. Hayaƙi ya cika ramin nan, bai sami hanyar fita ba. Huɗu ta haifa, ko ɗaya bai yi kwana uku ba. Tun ran nan nake kwance dami."

Nomau ya tuna duk damin da ya ɗaure irin na Gizo, ya tuna ɗakunan da suka shiga, ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba. Sai ya zaro faskare da kansa ya jera mata a murhu, ya hura. Wuta ta kama tas, ba hayaƙi. Jariran suka motsa suka ƙara shigewa jikin uwarsu, ko tari babu wanda ya yi.

Ya ce, "Iya, me ya sa ba ki tona ni ba?"

Ta ce, "Na ji ka hana yarinyar nan ɗauka, alhali ka san abin da zai biyo baya. Ban da haka ma, kasuwa uku na yi ina koya maka. In an kore ka sai in koma farko da wani sakaran?"

Nomau ya yi dariya, hawaye suna zubo masa. Ya yi godiya, ya sake yin godiya, har ta ce ya tashi ya ba ta wuri yana tare mata iska.

Ya auno gero ya koma gida. Bai ɓoye wa Tabawa komai ba, har da kunamar. Tabawa ta ce, "Tsohuwar nan ta rufa mana asiri. Gobe ka zaɓi damin da ya fi kyau ka kai mata, kada ka karɓi komai."

Washegari ya kai, ya sauke a ƙofar rami ya ce, "Iya, wannan kyauta ce daga ni da mai ɗakina. Mun gode."

Bushiya ta leƙo ta dubi damin, ta dube shi. Ta ce, "Kyauta? Ba na so. Kyauta ba a kushe ta, godiya kawai ake yi. In na fara yi maka godiya wa zai gaya maka ranar da ka kawo ɗanye? Karɓi kuɗinka, ka bar min bakina."

Nomau ya karɓa da hannu biyu. Daga ran nan gidansa bai ƙara kwana da yunwa ba, kuma har Bushiya ta bar duniya bai taɓa jin haushin faɗanta ba. In wani sabon mai itace ya yi ƙorafi a kanta, sai Nomau ya ce, "Yi shiru ka saurara. Duk abin da 'ya'yana suke ci, daga bakin tsohuwar nan ya fito."

To, kun ji. Masu murmushi sun bar Nomau da yunwa, ba su gaya masa laifinsa ba. Wadda ta tsaya ta yi masa faɗa ita ta raya shi. In kuna sayar da abu, mai saye ya tsaya yana kushewa, kada ku yi saurin fushi, ku fara duba kayanku tukuna. In kun tarar gaskiya ya faɗa, ku gode masa ko da bakinsa ba daɗi.

Ƙurunƙus! Tatsuniya ta ƙare, a ja itace daga murhu kada ya ci a banza.